Kawu, shiyar kamfanin lemon enaji ta cinye kuɗin firizar maiɗakina

Wannan saƙon daren Talata ya shigo min, na ɗan rage masa tsawo amma ban taɓa maganarsa ba:

"Salam Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗanka ne daga Gangare nan Jos, ina da ɗan shagon sarin lemo da ruwan roba ta wajen Terminus. Farkon 2024 wani abokina ya saka ni a wani guruf na WhatsApp da ake tallar shiyar (hannun jari) wani ƙaramin kamfani na Amurka mai yin lemon enaji, aka ce shi ne Monster (babban kamfanin lemon enaji na Amurka) na gobe. Na zuba dala 1,200, lokacin kusan naira miliyan 1 da dubu 800, na sayi guda 30,000 a kan santi 4 kowacce (santi 100 ne dala 1). Yanzu ko santi ɗaya ba ta kai ba, 0.6 take, wato dala 180 kawai ta rage min. Admin kullum cewa yake mu yi haƙuri za ta kai dala 1, wai yanzu ne ma lokacin ƙarawa tunda ta yi araha. Wani a guruf ɗin ya tambaya me ya sa yawan shiyar kamfanin ya tashi daga miliyan 400 zuwa biliyan 3, kafin gari ya waye an cire shi. Sannan ana ta cewa wai za a haɗe shiya 500 ta koma 1. Babbar damuwata Kawu, dubu 700 a cikin kuɗin na maiɗakina ne, kwasar adashinta ce ta ba ni ajiya za ta sayi firiza ta fara ƙanƙara da zoɓo, ba ta san na taɓa ba. Ina da Keke Napep ɗaya da wani yaro ke ja min, ina tunanin in sayar in ƙara ko Allah zai sa ta ɗan tashi in fanshe. Wlh bacci ya gagare ni. Meye shawara?"

Wa alaikassalam ɗana. Kafin komai, Keken nan ka bar shi inda yake. Ko da wayarka za ta mutu a nan ba ka karanta sauran ba, to wannan dai ka riƙe, kar ka sayar da abin da ke kawo maka balas kullum da yamma ka zuba a abin da bai taɓa ba ka ko sisi ba.

To yanzu mu zauna. Abin da ya fi ba ni mamaki a saƙonka shi ne kai fa mai sayar da lemo ne, a duk guruf ɗin nan ƙila babu wanda ya kai ka sanin harkar, amma ka ajiye saninka a bakin shago ka shiga kana sauraron admin da ƙila bai taɓa ɗaga katan ɗin lemo ba tunda uwarsa ta haife shi. In yau wani ya faka mota a gaban shagonka ya sauke maka katan hamsin na wani sabon enaji da ba ka taɓa jin sunansa ba, ya ce ka biya kash, me za ka fara tambayarsa? Wa ke sha, wa ke rarrabawa, in bai tafi ba za ku karɓi abinku, kuna ba da firiji, nawa ne ribata a katan. Na san ka ga irinsu, suna zuwa da fosta mai kyau da 'yan mata masu rigar kamfani ana ta kiɗa a bakin titi kwana biyu, bayan wata uku katan ɗin na nan a lungun shago ƙura ta rufe shi, kana duba ranar ƙarewarsa kana tsaki, ƙarshe ka karyar da shi ga masu turin baro. Yaro mai Keke ko ɗan dako in ya zo da gumi Fearless zai ce maka ko Predator, in babu ya wuce shagon gaba, ba zai tsaya ka yi masa wa'azin sabon abu ba.

Haka harkar take ko a Amurka. Haɗa lemon ba shi ne wahala ba, ruwa ne da suga da sinadarin kafeyin da ɗan ɗanɗano, akwai masana'antun da za su cika maka gwangwani da sunanka in dai ka biya. Wahalar ita ce motar da za ta kai shi kowane shago da kuma gurbi a cikin firiji. Predator ɗin nan da ke shagonka ai ta Monster ce, amma motar Coca-Cola ke sauke maka ita, saboda tun 2014 Coca-Cola ta ƙulla yarjejeniya ta sayi kashi 16.7 cikin 100 na Monster a kan dala biliyan 2.15, Monster kuma ta hau kan hanyar rarraba kayan Coca-Cola a duniya. Red Bull kuwa tun 1987 take kasuwa. To ɗan kamfaninku da waɗannan yake kokawar neman gurbi. Ka taɓa ganin gwangwaninsa da idonka? Ban ce hoto a guruf ba. Akwai wani naka a Amurka da ya taɓa shiga shago ya gan shi a firiji?

Shi wannan bawan Allah da aka cire daga guruf, in kana da lambarsa ka kira shi ka yi masa godiya, don shi kaɗai ya yi tambayar da ta dace, shi ya sa ma aka cire shi. Ɗauko kalkuletar shagonka mu yi tare. Ranar da ka saya, shiya miliyan 400 sau santi 4, kamfanin gaba ɗaya kuɗinsa dala miliyan 16 kenan. Yau shiya biliyan 3 sau santi 0.6, dala miliyan 18. Ka gani? A takarda kamfanin ko raguwa bai yi ba, har ɗan ƙari ya samu, kai ne ka ragu. Kamar ku huɗu ne kuka haɗa jari kuka buɗe shago, kowa yana da kwata, sai wanda ke riƙe da makulli ya riƙa shigo da sabbin abokan tarayya ta ƙofar baya yana karɓar kuɗinsu yana biyan kansa albashi da haya, ka waiga ka ga kun zama ku talatin, kayan shago suna nan yadda suke, rabonka ya koma ɗaya cikin talatin. Ba wanda ya saci takardarka, guda 30,000 ɗinka suna nan cif, ruwa aka yi ta ƙara wa miyar.

Kuma yawanci ga yadda ake yi. Irin waɗannan ƙananan kamfanonin banki ba ya ba su rance, sai su je wajen wasu masu ba da bashi na musamman da sharaɗin in ba a biya da kuɗi ba za a biya su da sabuwar shiya a farashin da ke ƙasa da na kasuwa, misali kasuwa na santi 1 shi a ba shi a 0.6. Yana karɓa ba ya ajiyewa, take yake watsa ta a kasuwa ya ɗauki ribarsa, farashi ya faɗi, gobe in zai karɓi sauran bashinsa sai an buga masa shiya da ta fi ta jiya yawa tunda ta ƙara araha, ya sake watsawa, ta sake faɗi. Haka ake ta yi. To wa ke sayen abin da yake watsarwa? Ku ne 'yan guruf, ku da aka ce muku ta yi araha ku ƙara. Ban ga takardun kamfaninku ba, amma daga miliyan 400 zuwa biliyan 3 cikin wannan ɗan lokacin, ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ya yi haka, abin da ya fi sayarwa shiya ce, lemon kamar allon talla ne a ƙofar shago.

Maganar za ta kai dala 1 kuma, sake danna kalkuleta. Biliyan 3 sau dala 1, dala biliyan 3. A 2020 PepsiCo ta sayi Rockstar, wanda yana cikin manyan lemon enaji na Amurka, ya shekara kusan ashirin a kasuwa, a kan dala biliyan 3.85. Wato admin yana gaya maka kamfanin da ba ka taɓa ganin gwangwaninsa ba zai kusa kamo Rockstar. Kai ko komawa santi 4 ɗin da ka saya, sai ta ninka kusan sau bakwai, kuma sai in an daina buga sabuwa.

Haɗe 500 ta koma 1 ɗin da kake ji, ba kyauta ba ce ba kuma sata ba ce a ranar, canjin kuɗi ne, kamar ka ba da 'yan naira biyar-biyar a ba ka 'yar dubu. Guda 30,000 ɗinka za su koma 60, farashi ya koma dala 3, 60 sau 3 dala 180 ɗinka dai. Amma ka shirya, ranar za ka ga sikirinshot na yawo a guruf ana ta Allahu Akbar ta kai dala 3. Abin da haɗewar ke yi shi ne ta buɗe sabon fili, farashin da ya kai ƙasa ba inda zai ƙara faɗawa yanzu ya samu tsayin da zai sake gangarowa, in ba a daina bugawar ba.

Zan yi wa admin adalci a abu ɗaya, labarin Monster gaskiya ne. Da can sunansa Hansen Natural, a 2002 suka fito da Monster, a 2012 kamfanin ya ɗauki sunan gaba ɗaya, kuma wanda ya saya da wuri ya riƙe ya yi kuɗi na ban mamaki. Sai dai abin da ba a faɗa a guruf, Hansen asalinsa tun shekarun 1930 ake sayar da ruwan 'ya'yan itace da sunan, yana da kwastomomi yana da ciniki, kuma a Nasdaq yake, ɗaya daga manyan kasuwannin shiya na Amurka. 'Yan santin da ake nuna muku a jadawali wai haka ya fara, lissafi ne da aka mayar baya saboda an yi ta rarraba shiyar gida-gida bayan ta yi tsada, wato kishiyar abin da naku zai yi. Akwai ma Celsius, wani kamfanin lemon enajin, shi kam da gaske ya taɓa faɗowa ƙasa da dala ɗaya, ya farfaɗo ya koma Nasdaq a 2017, a 2022 PepsiCo ta zuba masa dala miliyan 550 ta ɗauki rarraba shi. Ana samu. Amma su biyun nan cinikinsu ne ya riƙa hawa shekara bayan shekara kowa na gani a takarda, ba alƙawari ba. Kuma ko lemon enajin Bang da ya yi tashe sosai a Amurka, a 2022 sai da ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi, 2023 Monster ta saye shi. In babba irin wannan ya durƙusa, ka ƙiyasta ƙananan da suka mutu ba wanda ya ji ko sunansu.

A Amurka hukumar SEC tasu mai kula da kasuwar shiya, duk shiyar ƙaramin kamfani da ke ƙasa da dala 5 tana kallonta a matsayin shiyar 'yan kwabbai mai haɗari, taku kuwa ko kwabon ba ta kai ba. Irin wannan farashin ba a zama da shi a Nasdaq ko babbar kasuwar New York, can akwai dokar kada shiya ta daɗe ƙasa da dala 1. Naku a kasuwar bayan fage yake, wadda ake kira OTC, inda sharuɗɗa ke da sauƙi, wasu kamfanonin ma ba sa kai wa hukuma rahoto. Ga aikin da nake so ka yi, ba zai ci maka datar naira ɗari biyu ba. Ka shiga shafin EDGAR na SEC ɗin Amurka, kyauta ne, ka rubuta sunan kamfanin. In ba ka ga rahoton kwanan nan ba, ka riga ka samu amsa. In akwai, buɗe 10-K, shi ne na shekara, ko 10-Q na wata uku-uku. A shafin farko ana rubuta yawan shiyar da ke hannun mutane, ka kwatanta na bana da na bara. Sai ka duba cinikin shekara nawa ne, asara nawa, kuɗi nawa ya rage musu a banki. Sannan ka nemi kalmomin nan biyu, going concern, in ka ga masu binciken kuɗi sun rubuta suna da shakka a kai, to da bakinsu suke ce maka ba su da tabbas kamfanin zai kai baɗi. In turancin ya yi maka nauyi ka samu ɗan Unijos mai karanta akanta a unguwa ka saya masa lemo ɗaya, minti ashirin ya ishe shi.

Akwai abin da ba ka faɗa min ba kuma yana damuna, ta ina ka saya? Da sunanka aka buɗe akawun a wajen dillali mai lasisi, kana shiga da fasuwod ɗinka, ko kuwa admin ka tura wa kuɗi yana turo maka hoto? SEC tamu ta Abuja tun 2021 ta yi gargaɗi kan manhajojin da ke sayar wa 'yan Najeriya shiyar waje ba tare da rajista ba, kuma a shafinta akwai jerin waɗanda ta yi wa rajista, ka duba. In ta hannun admin ne to ƙila ma dala 180 ɗin lamba ce kawai a fuskar waya. Mutanen MMM a Disambar 2016 da na CBEX a Afrilun 2025 duk suna kallon kuɗinsu a waya har ranar da suka danna cirewa. Ka gwada cire dala 20 ka ga ko za ta sauka a akawun ɗinka na banki.

Kar ka ga kamar ina maka faɗa daga kan kujera. A 2007 ni da kaina na bi layi a wani banki kan Ahmadu Bello Way, rana na dukana, na cike fom na sayi shiyar bankin da kuɗin da na tara na rufin gida, ma'aikaciyar har tana ce min Alhaji ka ƙara mana, akwai ma rance in kana so. Lokacin kowa masanin shiya ne, mai shayi ma yana ba ka sunan wadda za ta tashi. Watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar shiya ta Legas ya haura 66,000, shekara ɗaya bayan nan yana wajen 20,000. Da ta faɗi rabi me na yi? Na ƙara saye, wai ta yi araha. Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, ina zaune ina jin labarai a rediyo hannuna na rawa. Satifiket ɗin na nan har yau a ƙasan akwati tare da katin auren mu, damina biyu muka ƙara muna tara bokiti a tsakar ɗaki. Kuɗin farko kasuwa ce ta ci, na biyun kuwa ni na kai mata da ƙafata, kuma shi ne har yau yake min ciwo.

To a sayar ko a riƙe? In ni ne, in na buɗe takardun na ga abin da nake zato, zan sayar in karɓi abin da ya samu. Ka tambayi kanka, in yau aka damƙa maka kuɗin dala 180 ɗin nan a hannu, wannan shiyar za ka saya da ita ko katan ɗin lemo za ka ƙaro a shago? In amsarka lemo ce to riƙewar da kake yi ba ta da wani dalili sai jin zafin santi 4, ita kuwa kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Sai dai ka sani irin wannan shiyar shiga ke da sauƙi, farashin da mai saye ke tayawa kan yi nisa da wanda kake gani a allo, ga kuɗin dillali ga na canji, kar ka yi mamaki in abin da ya iso hannunka bai kai 180 ɗin ba. Ka sa farashin da kake so da kanka, kar ka ce a sayar ko nawa ne. Guruf ɗin kuma ka fita, amma kafin nan ka ɗauki hoton duk alƙawuran admin da lambar akawun ɗin da aka tura kuɗi, in ta kama a kai ƙara SEC ko EFCC za su yi amfani.

Yanzu maganar da ta hana ka bacci, don na san ba santi 0.6 ba ce. Ɗana, dubu 700 ɗin nan ba jarinka ba ne, amana ce. Mace ta yi watanni tana matse kuɗin cefane tana zubi, ta kwasa ta rasa wanda ta yarda da shi sama da kai. Kuma niyyar sayar da Keken nan in ka duba da kyau ba don ka yarda da kamfanin ba ne, so kake ka cike ramin kafin ta leƙa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, zafi na dawowa za ta ce ina maganar firiza, ko ta ji a bakin matar abokin naka da ya saka ka a guruf, wannan ya fi muni nesa ba kusa ba.

Ka faɗa mata cikin satin nan. Ba a gaban yara ba, ba kuma kana tsaye da makulli a hannu za ka fita ba. Bayan isha'i in gida ya yi shiru ka zauna ka ce, wance na yi miki laifi, kuɗin da kika ba ni ajiya na saka a wata harka ban nemi izininki ba kuma ta faɗi, bashi ne a kaina zan biya. Kar ka ce "mun yi asara", ita ba ta yi komai ba. Kar ka ɗora wa abokinka, kar ka ce ai don ku na yi. In ta yi kuka ko ta ɗaga murya ko ta kwana biyu ba ta kula ka ba, ka shanye, haƙƙinta ne. Kuma kar ka je hannu rabbana, ka je da lissafi: ga abin da na samo daga shiyar, ga balas ɗin Keke daga yau ke yaron zai riƙa kawo wa a hannunki har kuɗinki ya cika. Ka ga amfanin Keken da ka so sayarwa. In kana ganin abin zai fi ƙarfinku ku biyu, ka samu babba ɗaya da take jin nauyinsa, yayanta ko limamin unguwa, ya zama shaida kan bashin, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ba raini ba ne, Alƙur'ani ma ya ce a rubuta bashi.

Nan gaba in zuciyarka ta huce kana son harkar jari, akwai na gida da za ka iya bin sawunsu, kamfanonin da ke NGX, kasuwar shiya ta Najeriya, waɗanda kayansu ke cikin shagonka kana ganin yadda suke tafiya, da sunanka a CSCS, inda ake ajiye bayanan masu shiya, ga kuma sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara tun 2017 ga mai gudun ruwa. Amma wannan sai bayan firiza.

Af, ka tuna fa farashin firiza na farkon 2024 ba shi ne na yau ba. Kafin ka zauna da ita ka bi ta shagunan kayan wuta ka tambayo nawa irin wadda take so take yanzu, in ta haura dubu 700 cikon ma a kanka yake. In ka buɗe 10-K ɗin ka turo min lambobi ukun nan, yawan shiya da ciniki da abin da ya rage a banki, mu duba tare. Ka gaida maiɗakin naka, amma sai bayan kun yi maganar.

Kawunku